Direban Sanata Lawandi

Karo na uku ke nan da Hafsah ta fito tsakar gida, motar Abdulmajeed kuwa tana nan inda ta kwana a gindin mangwaro, ko ƙofarta ba a buɗe ba. Mai motar yana kan benci cikin jallabiya, yana juya makulli a yatsa, yana ɗaga murya sai ka ce a filin kamfe yake.

"Ka fahimce ni, Nababa. Sanata Lawandi ba shi da abokin gaba a ƙasar nan. Kudu sun yarda da shi, Arewa sun yarda da shi. Irinsa ake nema a mataimakin shugaban ƙasa."

Nababa, makaniken da ke haya a ɗakin bakin ƙofa, ya ja tsaki yana goge hannu da tsumma. "Yo ina zai samu abokin gaba, Oga? Shekara goma sha biyu a majalisa, duk ranar da za a kaɗa ƙuri'a mai zafi sai ka ji wai ya tafi ganin likita. Ku kuna ce masa ɗan tsakiya, mu matsoraci muke ce masa."

Hafsah ta jira su numfasa, ba su numfasa ba. Dole ta katse su.

"Alhaji, rana fa tana yi."

"Maman Kauthar, ba na ce ki bar shi a hannuna ba? Yanzun nan zan tashi."

Abin da aka bari a hannun nasa ba ƙarami ba ne. Baba Thaddeus, tsohon da bango ɗaya ya raba ɗakinsa da na Hafsah shekara tara a wannan gida na bayan garejin Apo, yana kwance rai a hannun Allah. Ciwon ƙoda ne. Ranar Laraba asibiti suka sallame shi, likita ya ce a kai shi gida a yi ta addu'a. Matarsa ta daɗe da rasuwa. 'Yarsa guda, Perpetual, tana koyarwa a wani ƙauye can bayan Kwali inda waya ba ta da sabis sai an hau dutse. Da safiyar wannan Asabar, da Hafsah ta kai masa koko, ya kama gefen mayafinta ya ce, "Hafsatu, a kira mini yarinya na. Yau."

Abdulmajeed na alwala a bakin famfo ya jiyo ta tana faɗa wa matan gida. Ya miƙe a gaban kowa ya daki ƙirji, ya ce shi da kansa zai ɗauko yarinyar, ai Kwali ba nisa. Shi ne babba a gidan, ma'aikacin wata hukuma ta tarayya, shi kaɗai ke da mota da janareta.

Hafsah tana da lambar Margaret, wata mai sayar da tukwane a cikin garin Kwali, wadda za ta iya tura ɗan acaɓa ƙauyen. Ta ma fito da wayar, sai ta mayar. Babban mutum ya ɗauki alkawari a gaban jama'a, ke kuma ki zagaya ki kira wata? Ai kin ce masa maƙaryaci ke nan. Da wane ido za ki gaishe shi gobe? Kunyar nan ce ta cinye mata safiya ɗungurungum.

Ta koma ɗakin Baba. Fanka na juyawa a hankali, tana kaɗa kalandar coci da ke jikin bango. Ƙafafun Baba sun kumbura suntum, leɓensa ya bushe. Ta jiƙa auduga ta shafa masa.

"Yarinya na ya zo?"

"Tana hanya, Baba."

Ƙarya ta yi. Wannan tsohon ne ya goya Kauthar a bayansa ya kai ta asibiti ranar da zazzaɓi ya sa ta suma, mijin Hafsah yana can Legas da tirela. Duk Kirsimeti sai ya kawo kazarsa ya ce Nababa ya yanka, don kowa ya ci. Yau abu ɗaya tak ya roƙa.

Muryoyi suna shigowa ta taga. Mutane sun ƙaru a gindin mangwaron, don an ce ranar Litinin jam'iyya za ta bayyana wanda ta zaɓa.

"Mutumin da aka yi rikici a jiharsa ya je masallaci ya je coci rana ɗaya!"

"Ya je ya ce me? A zauna lafiya. Ko ni zan iya faɗin wannan. Wa ya kama? Wa ya tsaya wa?"

"Tikiti balans yake so, ba mai zafin kai ba."

"Ƙuri'a nawa zai kawo? A akwatin ƙofar gidansa da ƙyar ya sha!"

Da aka kira azahar Hafsah ta ce a ranta kunya ta ci gidansu. Ta fita bayan ɗaki ta kira Margaret. Matar ba ta tambayi komai ba, ta ce, "Yanzu yanzu zan tura yaro na da mashin." Magana ta minti ɗaya. Hafsah ta tsaya tana kallon wayar, takaicin kanta ya ishe ta. Da ƙarfe bakwai ta yi wannan kiran, da tuni yarinyar tana zaune kusa da ubanta.

Bayan an dawo daga masallaci gardama ta ɗora daga inda ta tsaya. Can sai ta jiyo Nababa yana cewa, "To wai musun me muke yi? Ga direbansa nan kwance a ɗaki. Shekara goma sha huɗu yana tuƙa shi. Da idonsa ya yi rauni aka ce ya tafi gida, har yau ko leƙowa Sanatan bai yi ba. Je ka tambaye shi ka sha labari!"

Sai ga takun takalmi.

Abdulmajeed ya yi sallama ya ɗaga labule, waya a hannu, Nababa na biye da shi. Hafsah ta miƙe da sauri, a zatonta tafiya ce ta tashi. Ina! Yana cikin wata ƙungiyar goyon bayan Sanatan, kowa a gidan ya san muƙami yake hange. Fuskarsa har sheƙi take.

"Maman Kauthar, ɗan buɗe tagar nan haske ya shigo. Minti biyu kawai. Kin san darajar wannan kuwa? Direbansa, Kirista, ɗan Arewa ta Tsakiya, ya faɗa da bakinsa cewa Oga ba ya nuna bambanci. Wallahi bidiyon nan kaɗai zai iya kammala maganar."

"Alhaji, ka dube shi fa. Ka dube shi da kyau."

"Ai shi ya sa nake sauri."

Ta kalle shi. Bai ma ji abin da ya fito daga bakinsa ba. Ya janye bokitin da ke gefen gado da ƙafa don kada ya fito a hoto, ya gyara wa tsohon wuyan riga, ya durƙusa ya saita waya.

"Baba Thaddeus, sannu da jiki. Ka gaya wa 'yan Najeriya, wane irin mutum ne Sanata Lawandi?"

Nababa ya matso ta ɗaya gefen ya sunkuya. "Baba, kada ka ji tsoron kowa. Faɗi yadda ya yar da kai."

Shi ma wannan, da Hafsah take ganin da sauƙi, ashe duk ɗaya ne. Ya san hanyar Kwali kamar tafin hannunsa, motocin mutane cike da garejinsa, amma tun safe bai ce bari in je ba. Shi dai a ce ya ci gardama.

Baba ya buɗe ido da ƙyar. Ya dubi wayar, ya dubi mutanen biyu, kamar yana neman wani a bayansu.

"Oga Majeed," ya ce, murya can ƙasa. "Ka dawo? Ina yarinya?"

Abdulmajeed ya ɗan yi tari. "Yanzu za mu je, Baba. Sanata fa? Mutumin kirki ne, ko?"

"Kada ka sa masa magana a baki!" in ji Nababa.

"Wa ya sa masa? Kai ne dai ka shigo da zuga!"

"Ni? Mutumin da bai taɓa cewa e ko a'a ba za ku ɗora wa ƙasa?"

"Irinku ne ke raba kan jama'a! Shugabanci haƙuri ne, ba hayaniyar gareji ba!"

Suka miƙe tsaye, ɗaya a kowane gefen gado, suna nuna wa juna yatsa ta saman ƙirjin mutum. Yawun bakinsu har kan zanen rufarsa. Hafsah ta matso. Ta zauna a bakin katifa ta riƙe hannun tsohon, ta kai bakinta kusa da kunnensa.

"Baba, na tura an kira ta. Wannan karon gaskiya ne. Tana tafe."

Ya ɗan matsa yatsunta. Ya ja numfashi mai tsawo ya sauke. Ta jira na biye. Ta yi ta jira.

"Ku fita," ta ce.

Ba su ji ba. Nababa yana lissafa jihohin da Sanatan ba zai kawo ba.

"Na ce ku fita! Ya rasu! Allah wadaran halinku, ku fita mini daga ɗakin nan!"

Ba ta taɓa ɗaga wa namiji murya a gidan ba sai yau. Nababa ya cire hula ya yi salati, ya fice kansa a ƙasa. Abdulmajeed ya tsaya yana lalubar inda ake kashe bidiyon, don har lokacin wayar tana ɗauka.

Matan gida suka shigo da kuka. Hafsah ta rufe masa ido, ta ja zane ta lulluɓe shi, ta aika a kira faston cocinsu. Tana cikin haka ta jiyo muryar Abdulmajeed a tsakar gida, ta koma ta manya.

"A share wurin nan tas, a ɗebo kujeru. Bari in je ofishin Oga da kaina in sanar. Tsohon direbansa ne, dole ya zo gaisuwa, kuma 'yan jarida za su biyo shi."

Sai ta ji an tada mota. Bugu ɗaya ta tashi, lafiyarta ƙalau.

La'asar ta wuce lokacin da ɗan acaɓa ya tsaya a ƙofar gida. Perpetual ta sauko, ƙafafunta duk jar ƙasa, ɗankwalinta ya zame. Ta ga kujerun roba an jera a layi, ta ga mata a bakin ɗakin ubanta, sai ta rage sauri. Hafsah ta fito ta tare ta a tsakiyar gida.

"Anti, tun yaushe?"

"Bai kai awa biyu ba."

Yarinyar ba ta yi ihu ba. Ta miƙa wa Hafsah abin da ta rungumo tun daga Kwali don ta samu hannun cire takalmi, ta ɗaga labule ta shiga. Kula ce ƙarama, an ɗaure ta da ɗankwali don kada ta zube a hanya. Gwaten acca ne a ciki. Hafsah ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da ita a ƙirji, ɗumin abincin yana ratsa mayafinta.