Farar Hodar Mai Lambu

"Ba wannan buhun ba, Malam, na bayan baro. Kai dai alli kawai ka iya ɗauka."

Mai Lambu ne ke ba ni umarni daga kan kujerar roba, bututun iska a hancinsa. Katanga ce kawai tsakanin gidajenmu. Ya kira ni ne in kwashe buhunan farar hodarsa kafin autansa ya iso.

Hodar nan da ita yake tinƙaho. Saboda jikokinsa masu tsinkar tumatir su ci ba wanki ya bar feshin magani ya koma mata. Garin wani farin dutse ce, tana kankare jikin ƙwaro har ya bushe. Yakan cika tsohuwar safa da ita, ya shiga rumfar leda, ya ja ƙofa don kada iska ta yi masa asara, ya yi ta kaɗawa a kan kabeji har ya fito fari fat kamar mai injin niƙa. In na yi maganar takunkumin rufe hanci sai ya dangwali hodar ya lasa.

"Ƙasa ce fa, Malam, ba guba ba."

Auta ke kawo masa. Yana aikin wanke tafkin ninkaya a wani otal, kuma da irin hodar suke tace ruwa. A cikinmu ba wanda ya san iri biyu ce. Ta lambu daban. Ta tace ruwa gasa ta ake yi a wuta, ƙurarta kamar garin gilashi, in ta shiga huhu ba ta fita. Sai da tari ya kwantar da Mai Lambu likita ya gano.

"Yayyensa sun saya min firji, sun saya min waya," ya ce yana haki. "Shi hoda kaɗai ya taɓa iya ba ni. In ya tambaye ka, ka ce sigari ce."

"Ai ba ka taɓa sha ba."

"Ka ce a ɓoye nake sha. Mutuwa zan yi, ba neman aure ba. Yi min alkawari."

Na yi masa.

Ba a daɗe ba, wata rana da hantsi Mai Lambu ya cika, matarsa na shafa masa mai a ƙafa. Ta ce sai da ta gama ƙafa ɗaya sannan ta lura.

Bayan an tashi daga zaman makoki, ina shanya a bayan gida na ga farar ƙura na fitowa ta yagewar ledar rumfa. Na zagaya da sauri. Auta ne a ciki, safa a hannu, sabon buhu a buɗe, girarsa ta yi fari.

"Tsutsa ta far wa kabejin Baba. Wani marar imani ma ya sace hodarsa, sai da na kawo wata."

Na jawo shi waje, na miƙa masa takunkumi.

"Haba Malam, ƙasa ce. Gobe ma zan kawo yaran su taya ni, su koyi aikin kakansu."

Na shekara da shekaru ina koya wa yara cika alkawari. Na zaunar da shi a kan baro, na gaya masa komai, a hankali, yadda nake yi wa ɗalibin da ya faɗi jarrabawa. Babu yadda za a faɗe ta ta yi daɗi.

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Baba ya sani?"

"Ya sani."

"Zuwana na ƙarshe ya riƙe hannuna, ya ce duk cikinmu ni kaɗai na san abin da yake so."

Ya tashi ya kunna famfo, ya jawo tiyo, ya jiƙa buhun sharkaf. Sannan ya durƙusa yana wanke kabejin ganye bayan ganye, farin ruwa na bi ta ƙarƙashin ƙofa yana gangarawa kwata.