Arhar Dare, Tsadar Rana

A shekarar da kuɗin wuta ya haukace a Singafo, ba wanda ya kai Wak Kasmuri, wato Kawu Kasmuri, baki a teburin tsofaffi da ke ƙasan benenmu na unguwar Bedok. Mu mutanen da, da muka sha ruwan rijiya muka kwana da fitilar kananzir, ba a razana mu da takardar wuta, shi kuwa Kasmuri ya fi kowa faɗin haka. Gobara ta cinye ƙauyensu yana saurayi, ya fito daga shi sai zanen ƙugunsa. Ya yi walda a cikin jiragen ruwa har kunnensa na hagu ya mutu. Bai taɓa zama a aji ba, amma da guminsa ya mallaki gida a hawa na tara, ya aurar da 'ya. Duk wannan gaskiya ne, a gabanmu aka yi. Abin da ba ya faɗa shi ne lamba kaɗai yake ganewa. Rubutu kuwa jerin tururuwa ne a wurinsa.

'Yarsa Rosnani ma'aikaciyar jinya ce, tana aure can ɗaya ƙarshen gari, ita ke biya wa iyayenta wuta. Tun kafin farashi ya tashi ta zauna da waya ta jera kamfanoni, ta auna wannan da wancan, ta zaɓi tsarin da ake kulle farashi shekara biyu, ko sama za ta faɗo ba ya motsi. Sunan uban ne a kan mita tunda gidansa ne, amma daga asusunta banki ke cirewa duk wata. Ita dai saƙo take gani a waya, ta wuce harkarta.

Wata Asabar da safe kamfanin nasu ya kafa rumfa a bakin kasuwa, da balan-balan da tulin fankoki a kwali. A saman rumfar an rubuta wata lamba da ja, ƙatuwa kamar ƙofa. Kasmuri ya ja ya tsaya. Ya san lambar da Rosnani ta ce suna biya, wannan kuwa ta gaza ta nesa ba kusa ba.

Abokinsa Teo, tsohon direban tasi, ya zungure shi da gwiwar hannu. "Wuce mu je, Wak. Wannan rumfar ta masu gida ce. Kai 'yarka ke riƙe maka mita, ko fitilar banɗaki sai ta ba ka izini."

Aka kwashe da dariya. Kasmuri ya gyara hula ya shiga rumfar.

Budurwar da ke wurin ba ta cuce shi ba, wannan kam sai an faɗi gaskiya. Ta yi bayani da Turanci, ta maimaita da guntun Malayancin da ta iya. Sai dai ta gefen mataccen kunnen ta zauna, ga kiɗa yana tashi daga lasifika, ga su Teo tsaye a bayansa suna leƙe. Ya ji ta ce dare, ya ji ta ce rana, ya yi ta gyaɗa kai.

"Kawu, ka gane dai ko? In kana so ka tafi da takardar, yaranka su duba maka tukuna."

Wannan maganar ita ta ƙarasa shi. "Yarinya, tun ba a haifi ubanki ba nake cin abinci da wutar lantarki. Ina zan sa hannu?"

Ya miƙa katin shaidarsa, ya zana sunansa da yatsa a kan gilashi, aka ba shi fankar kyauta. Ya saɓa ta a kafaɗa ya ratsa kasuwa kamar ya dawo daga yaƙi. A gida ya ce wa matarsa rabo aka yi a kasuwa ya dace.

Matar, Mak Jemah, wato Mama Jemah, tun suna sabon aure take gasa kek ɗin abarba da kek mai hawa-hawa. Rabin benen a wurinta suke sayen kayan Sallah. Obin, wato na'urar gashi ta lantarki, biyu gare ta, daga hantsi take kunna su har la'asar sakaliya, ba ta taɓa rubuta awo ko sunan mai oda ba, duk a ka take riƙewa.

Ƙarshen wata sai ga wayar Rosnani tana neman ubanta, Pak kamar yadda take kiransa. "Pak, me kuke kunnawa a gidan nan? Masana'anta kuka buɗe?"

"Kuskure ne nasu," in ji shi. "Zan je in ci musu mutunci."

Ya koma rumfar shi kaɗai, ranar aiki, lokacin da ba kowa. Wannan karon ya juya mata kunnen da ke ji. Budurwar ta ɗauki biro ta zana masa hoton farin wata ta sa ƙaramar lambar a ƙarƙashi, ta zana rana ta sa wata lambar da ta fi ta Rosnani nauyi. Arhar ta tsakar dare ce zuwa asuba, an yi ta ne don masu aikin da ba sa yini a gida. Ya ce to a mayar da shi inda yake. Ta ce tsohon farashin ya tafi, yanzu ko ita ba za ta same shi ba, fita daga wannan kuma sai da tara. Ya yi mata godiya a hankali, abin da bai saba ba.

Da ya faɗa a ranar, da faɗa kawai zai sha. Amma mutumin da ya cika baki a gaban jama'a, bakin nan yakan yi masa nauyi a cikin gida. Da Rosnani ta ce ya ajiye mata takardar kamfani, cewa ya yi ya naɗe ƙayar kifi da ita. Sai ya ƙudurta zai rage kuɗin da kansa, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Ya koma bin bayan Jemah kamar inuwa. Ta kunna na'urar ruwan zafi ta shiga ɗaki ɗauko tawul, ya kashe. Ta jona tukunyar shinkafa ta fita shanya, ya zare. Ta dawo ta tsaya tana kallon bango. Sai ta juyo wurin mijinta, Abang kamar yadda take kiransa.

"Abang, wallahi na kunna wannan abin."

"Ni ina na sani, Mah? Ina nan ina kallon labarai."

Da fari tsaki take yi ta sake kunnawa. Daga baya ta daina tsakin.

Ana saura 'yan kwanaki azumi, Cik Sapiah, wato Malama Sapiah, ta hawa na bakwai ta ba da odar kek mai hawa-hawa don baikon jikarta. Jemah ta zuba ƙullu ta tafi sallar azahar. Kasmuri ya leƙo kicin ya ga obin biyu suna ci, ya zaci ɗaya wofi ake ɗumamawa, ya danne makunninsa a bango. Da Sapiah ta zo karɓa, aka buɗe aka tarar da ƙullu kwance ɗanye kamar kunu. Yana zaune a falo ya ji matarsa, wadda ba ta taɓa ɓata kek ba, tana cewa, "Ki yafe ni, Piah. Mantawa na yi ban kunna ba. Kwanan nan ban san me ke damuna ba."

Sapiah ba muguwa ba ce, amma bakinta ba ya da murfi. Kafin magariba labari ya sauka har hawa na biyu. Kowa kuma ya san uwar Jemah da gigin tsufa ta rasu, sai da aka riƙa kulle mata ƙofa don kada ta ɓace.

Rosnani ta haɗa lissafinta irin na masu ilmi. Ta ja ubanta gefe a baranda. "Pak, farashin nan ni na kulle shi da hannuna, ba ya hawa. In kuɗi ya ƙaru, to wani ne ke barin kaya a kunne. Ga shi wani lokacin kuma tana manta kunnawa. Haka abin ke farawa, ina ganinsu kullum a asibiti. Na karɓa mata ranar ganin likita." Ta share ido ta riƙe hannunsa. "Kai ma sannu, Pak. Na san kai ke fama da ita."

Ya yi walda a wurin da iska ba ta shiga, bai taɓa jin numfashi ya ƙi shi kamar ranar ba.

Azumi ya kama, Jemah ta mayar da odar Sallah kaf. Ta ce ba za ta kashe wa mutane biki ba. Ta wanke obin ta rufe su da zani. Ta riƙa zagaya gida tana taɓa makunnai ɗaya bayan ɗaya tana faɗin sunansu a fili. Kasmuri ya daina kashe komai, ya zaci abin zai wuce da kansa. Bai wuce ba. Da ta nemi tabarau ta gan shi a goshinta, abin da kowane tsoho ke yi a yi dariya, ita kuka ta zauna ta yi.

Ranar likita Rosnani ta zo da hantsi. Jemah ta sa doguwar rigarta ruwan toka ta yafa mayafi. Da 'yar ta shiga banɗaki, ta zauna kusa da mijinta ta ɓangaren kunnen da ke ji, ta rage murya.

"Abang, alfarma ɗaya. In abin ya yi nisa har na daina gane ka, kada ka bari a kai ni gidan tsofaffi. Ka kulle ni a nan kamar yadda muka kulle mahaifiyata. Ba zan yi maka ɓarna da yawa ba."

Ya dubi hannuwansa, duk tabon wuta. Rosnani ta fito tana neman makullin mota a jaka.

"Nani, ajiye jakar nan," in ji shi. "Ba inda za ku."

"Pak, kada ka fara, da ƙyar na samu ranar nan."

"Uwarki lafiyarta lau. Ni ne." Muryar ta fito siririya, ba irin ta teburin ƙasa ba. "Ni na canza tsarin wutar. Na ga lamba ƙarama na sa hannu, ashe ta dare ce. Ruwan zafi ni ke kashewa. Shinkafa ni ke zarewa. Kek ɗin Sapiah ma ni ne."

Rosnani ta buɗe jaka. Ta ciro waya ta yi 'yan danne-danne ta ga tsarin ya canza, abin da da ta yi shi tun farko da ba a zo nan ba, ita ma ta san haka, don kunnenta har ja ya yi. "Pak! Me ya sa ba ka tambaye ni ba? Me ya sa ba ka ce a karanta maka ba?"

"Su Teo suna tsaye."

"Su Teo! Su Teo ne za su biya tarar?" Ta zube a kujera. "Yanzu ko mun fita, wancan farashin ba ya dawowa. Sai dai Mak ta koma gashi da tsakar dare."

"Ni ba jemage ba ce," in ji Jemah.

Shi ne abin da ta fara faɗa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta cire mayafin ta ninke shi a cinya, ta daɗe tana shafa shi.

"Na kunna ke nan," ta ce. "Duk na kunna."

"Kin kunna, Mah."

"Kana zaune a nan ina ba Piah haƙuri."

Ya zame daga kujera zai durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara, ta ɗaga masa hannu.

"Tashi, kada ka karye ka ƙara mini aiki. Yafiya a bar ta sai ranar Sallah, in na ga dama. Tsadar wuta kuma ku je ku ƙarata kai da 'yarka. Ni abin da ya dame ni, jiya a lif, na'urar hawa bene, matar hawa na huɗu ta riƙe mini hannu tana tambaya ko na san inda zan sauka. Benen nan kaf an gama yi mini ta'aziyyar kaina ina raye. Ni ba zan bi gida-gida in ce hankalina ƙalau ba, duk mai gigi haka yake cewa. Kai za ka je."

"Gida nawa?"

"Duk wanda na mayar wa oda. Zan faɗa maka su a jere, da abin da kowa ya ce in yi masa, ba sai an rubuta ba." Ta fara lissafowa, suna bayan suna, hawa bayan hawa, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Rosnani ta sunkuyar da kai.

Kasmuri ya sa takalmi. Bai shiga lif ba, ta matakala ya bi yana dafa bango, don tafiyar ta yi tsawo. Duk da haka hawa na bakwai bai yi nisa ba. Ya yi sallama a ƙofar Sapiah, ta leƙo ta tsakanin ƙarafan ƙofa da ludayi a hannu, ta tausasa murya.

"Wak, har kun dawo? Allah sarki. Me likita ya ce game da ita?"

Ya cire hularsa ya riƙe da hannu biyu. Ƙofar maƙwabta ma a buɗe take, ana jin motsin mutane a ciki.

"Ba mu je ba, Cik Piah. Rage wutar girkinki ki fito, maganar da tsawo. Kuma ki kira ta kusa da ke, kada in yi ta maimaitawa."