Dokar Karo ta Wiebe

Shekara goma sha ɗaya ina tsare wa Harm baya. Duk Lahadi da rana muke haɗuwa a ɗakin da ke saman gidan biredin Tjitske, mu shimfiɗa taswira a kan dogon tebur, mu jera ƙananan jiragen yaƙinmu kowanne a kan tsinkensa. Kowa ya rubuta inda jirginsa zai nufa a guntuwar takarda, ya rufe da tafin hannu, sai a buɗe gaba ɗaya. Sauran kuma sai abin da ɗan lido ya ce. Harm ne jagoranmu, shi ke riƙe da littafin dokokin gida. Kujerata tana hagunsa, jirgina kuma kullum yana bayan fiffikensa, matuƙina Arkadi a ciki. Ni na raɗa masa sunan, ni na yi masa fenti da burushi mai gashi uku.

Ni ba mai magana ba ne. Shekara talatin na yi ina walda a ma'aikatar jiragen ruwa ta Delfzijl, kuma sai da na haura hamsin na shiga ajin manya na koyi karatu sosai. Wanda ya daɗe bai iya karatu ba, kunnensa ne littafinsa.

Littafin farko da na sauke ni kaɗai a kan matuƙan Rasha ne na shekarar 1941. A ciki na ga cewa wasunsu, in harsashi ya ƙare, sukan bi jirgin bama-bamai ta baya su datse masa jela da farfela. Na yi mako biyu ina juya maganar, sannan na tare Harm a kan matakala na ce ko za mu yi wa abin doka.

Ya ce, "Haba Wiebe, mu 'yan dambe ne? In aka buɗe wannan ƙofar, kowa sai ya zama rago mai tunkuyi."

Ban sake tayar da maganar ba. Shekara bakwai ke nan.

Bara da kaka Sjoerd ya shigo cikinmu. Tsohon malamin tarihi ne, yana da gyale ja a wuya da murya irin ta mai karanta labarai. Kafin wata ya zagayo, Harm ya fara ajiye masa kofi tun bai iso ba. Ni ban taɓa ganin Harm ya zuba wa wani kofi ba, ko matarsa. Suna tsayawa a bakin taga suna hirar injuna da sunayen garuruwan da ban iya furtawa ba, ni ina jera jirage.

Wata Lahadi Sjoerd ya zo da takarda uku bugun na'ura. Dokar karo da gangan. Sai harsashin mutum ya ƙare, sai jirginsa yana gida ɗaya daidai bayan jirgin abokin gaba a kan taswira, sannan ya rubuta karo a takardarsa. Ya jefa ɗan lido: huɗu zuwa sama, ya samu. Ya sake jefawa saboda matuƙinsa: in ba shida ba, ya mutu.

Harm ya karanta a tsaye, ya cire tabarau, ya buga takardar da bayan hannu.

"Wannan ai shi ne abin da muka rasa! Malam, ina ka shiga duk shekarun nan?"

Na sunkuyar da kai ina gyara tsinken da bai karkace ba.

A wurinmu doka ba ta shiga littafi sai an gwada ta a kan tebur. Kuma ba sunan wanda ya rubuta take ɗauka ba, sunan wanda ya fara aikata ta ne. Sjoerd ya san haka. A makon ya sayo sabon jirgi, ya sa masa matuƙin da bai taɓa tashi ba, wanda ko ya mutu babu mai kukansa. Har ya fara cewa "Dokar Sjoerd" cikin wasa, Harm na dariya.

Ranar gwaji ana yayyafi. Na jingine kekena, na hau sama da akwatina, na tarar da gyale ja a rataye a kujerata.

Harm ya ce, "Mutumina, yau Malam zai zauna nan, in ga yadda dokar ke tafiya da idona. Na yau kawai."

Na ce, "To."

Na koma can ƙarshen tebur kusa da tukunyar miyar wake da Tjitske ta hawo da ita. Ita ce ke jan jiragen Jamus ranar, manyan masu bama-bamai uku da suka nufo Mosko. Mace ce mai ƙiba da saurin baki, garin fulawa bai taɓa barin gwiwar hannunta ba.

Ta dube ni ta ce, "Au, an yi maka ritaya ne, dattijo?"

"Hutu aka ba shi," in ji Sjoerd. "Ya sha aiki."

"Kai dai Malam ka kula da bakinka, kada farfela ta kama gyalen."

Aka fara. Tun zagaye na biyu Sjoerd ya soma harbi daga nesa, inda ko tsuntsu ba zai samu ba. Yana jefa ɗan lido, yana soke harsashi a takardarsa da murmushi.

Tjitske ta ce, "Gajimare kake harbi? Me suka yi maka?"

"Gwajin bindiga nake yi."

"Ƙarya kake, zubar da kaya kake don ka samu ka tunkuye ni. Zo mana, ina jiranka."

Harm ya yi dariya har da riƙe ciki, ya dafa kafaɗar Sjoerd. Hannun ya daɗe a wurin. Na ƙirga harsashina, saura harbi uku.

Akwai abin da Sjoerd bai sani ba, don ba a rubuce yake a ko'ina ba. Tjitske, in aka taɓa jirginta na gaba, hagu take karyawa. Kullum. Kafin ta rubuta kuma sai ta lashi bakin fensir. Ni da na shekara goma sha ɗaya ina kallon hannun mutane yayin da suke surutu, na san wannan kamar yadda na san hanyar gidana.

Na shigo ta gefe na harbi jirginta na gaba sau biyu. Injinsa ɗaya ya kama hayaƙi, Harm ya ɗora masa guntun auduga. Na uku na sake shi duk da na san ba zai samu ba.

Harm ya ɗago. "Wiebe, me ya kai ka can? Dawo bayana."

"Akwai mai tsaron bayanka," na ce. Ita ce magana mafi tsawo da na yi ranar.

Tjitske ta lashi fensir. Aka buɗe takardu. Ta karya hagu, Sjoerd da ya yi zaton za ta miƙe ya wuce ta da gida biyu, ni kuwa Arkadi ya sauka daidai bayan jelarta. Gida ɗaya. Harsashi babu.

Ruwa na ta bugun taga.

Sjoerd ya yi 'yar dariya. "Ka tsaya min a wuri, dattijo. Kauce, zagaye mai zuwa ina nan."

Na ɗauki fensir. Ba wai ban san abin da zai biyo baya ba. A teburinmu matuƙin da ya mutu ya mutu ke nan, ba a tashinsa. Mai shi zai fara da sabo, kuma sabon matuƙi ba ya tashi a fiffiken jagora sai ya fita sau goma ya dawo da rai. Yau ma don gwaji aka ɗaga wa Sjoerd ƙafa. In Arkadi ya tafi, kujerar hagu ta bar hannuna. In na kauce kuwa, Lahadi mai zuwa zan koma wurina, amma duk ranar da Harm ya buɗe littafin nan zai karanta sunan Sjoerd da bakinsa, ni ina gefe ina ji.

Na rubuta harufa huɗu a hankali, kamar yadda aka koya min, na rufe da hannu.

Da aka buɗe, Harm ya karanta takardata sau biyu.

"Kai, ka haukace? Arkadi ne fa!"

"An buɗe takarda," in ji Tjitske. "Ba a mayar da ita. Jefa, Wiebe."

Na jefa. Biyar. Tjitske ta yi ƙara, ta ɗauke jirginta da kanta ta kwantar da shi a kan taswira. "Ɗan banzan tsoho! Ashe duk shirun nan ni kake yi wa lissafi!"

Na sake ɗaukar ɗan lidon. Na sake shi. Ya gangara, ya bugi kofin Harm, ya tsaya a biyu.

Na zare Arkadi daga tsinkensa na riƙe shi a tafin hannu, ban san inda zan ajiye shi ba.

Sjoerd ne ya fara tashi. Ya zagayo tebur ya miƙo min hannu. "Na rantse, ban taɓa ganin shiga baya irin wannan ba. Ka cancanci sunan." Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Harm ya buɗe littafi ya rubuta Dokar Wiebe da manyan harufa, ya danna biro har takardar ta kusa hujewa. Bai dube ni ba.

"Na ce maka na yau kawai," ya faɗa yana rufe littafin. "Ba ka ji ba?"

"Na ji."

"To yanzu wa zai tsare min baya?"

Sjoerd ya yi gyaran murya. "Tsohon matuƙina ya fita sau goma sha biyu. In ba damuwa."

Harm ya gyaɗa kai.

Yanzu ina ƙarshen tebur da sabon jirgi mai launin toka, ban sa masa fenti ba tukuna. Ina tashi can sama, nesa da wuta, ina zagaye kamar shirwa, Tjitske na kirana matsoraci. Lahadi uku na dawo da rai. Daga inda nake ina ganin su biyun da kyau. Na zauna ina jiran ranar da surutun Sjoerd zai sa a harbo Harm, in ga ko zai waiwayo inda nake. Makon jiya jiragen Jamus biyu suka faɗo wa Harm ta baya, Sjoerd ya juyo a kan lokaci ya kakkaɓe su, ko ƙwarzane bai bari an yi masa ba.

Ya iya. Abin da ke cin raina ke nan, ya iya. Saura Lahadi bakwai.