Kwalabe Uku na Maman Yara

Bishiyar lemun tsamin da ke tsakar gida, marigayiya mahaifiyarta ce ta dasa ta da hannunta. Shi ya sa hankalin Maman yara ya tashi da ta ga ganyen ya fara nannaɗewa yana danƙo kamar an shafa masa zuma.

Mijinta kuwa, Malam, shekara talatin ya yi yana koyar da ilimin ƙwari kafin ya yi ritaya. Tana nuna masa ƙwarin da ke jikin ganyen ya washe baki, sai ka ce albishir aka yi masa.

"Masu tsotsar ruwan tsiro ne! Kada ki taɓa su sai na tantance dangin kowanne."

"Malam, ɓarayi ne fa. Wa ya taɓa tambayar ɓarawo sunan kakansa?"

Ya ce kwana uku kawai. Kwana uku suka zama mako biyu. Kullum yana tsugune da gilashinsa mai ƙara girman abu, wai yara ne, sai sun girma kamanninsu za su fito. Baƙin Malam na ƙiba, ganye na zuba, ita ce mai shara. Ranar da reshe guda ya bushe ƙayau sai da ta yi hawaye a ɓoye.

Washegari ya fita aron wani littafi. Ta kaɗa ruwan sabulu a bokiti, ta bi ganye ɗaya bayan ɗaya.

Da ya dawo ya ga aika-aikar, littafin ya kusa suɓuce masa.

"Haba Maman yara! Kin kashe mini aiki!"

Ta nuna masa tebur. Kwalabe uku ne, kowace da ganyenta da ƙwarinta, an manna mata takarda: "Masu tsalle." "Masu zaman dirshan kamar ƙurji." "Koraye masu taron dangi, waɗanda tururuwa ke kiwo."

Ya bi su da gilashi har sau biyu yana neman kuskure. Ko ƙwaro ɗaya bai faɗa kwalbar da ba tasa ba.

"Wa ya koya miki wannan?"

"Zama da maɗaukin kanwa, Malam. Shekara talatin kana yi mini lacca a bakin abinci, ka ɗauka ba na ji? Kai ne dai ba ka ji ni ba, mako biyu kacal."

Malam ya dubi busasshen reshen, kunya ta kama shi. Ya ajiye gilashin, ya ɗauki bokitin.

"Wane ɓangare ne ba ki kai ba?"