Tayar da Graeme Ya Ɓoye Mini

Mijina Graeme ya bar wasiyya ɗaya tak: in an ƙone gawarsa, a watsa tokarsa a kan dutsen Bathurst inda ake tseren motoci, kuma a kai shi cikin jar motarsa. Ko bayan ya mutu sai da ya nemi tsokanata. Tun ranar da ƙanensa ya rasu a hatsarin gudu, a 2008, na sa shi ya rantse mini cewa motar nan ba za ta sake taka titi ba. Kowace Lahadi yakan shiga gareji, ya tayar da injin, ya goge ta, ya mayar da tamfol. Shekara goma sha bakwai ina alfahari a gaban mata cewa mijina ba ya saɓa alkawari.

Na kira Vince Carbone mai gyaran taya, abokinsa tun ƙuruciya, ya zo gonarmu ya ƙara wa tayoyin motar iska kawai. Ya durƙusa da ƙyar yana shafa robar.

"Noelene, da waɗannan za ki hau dutse? To sai a tanadi tulu na biyu, a haɗa tokarku."

"Kai dai ba ka rabuwa da neman ciniki. Dubi zanensu, ko gashin jikinsu bai kaɗe ba. Sababbi ne."

"Sababbi kamar ni da ke. Roba tana tsufa ko a zaune take. Ta bushe, ta tsattsage daga ciki. Motar nan kuwa ba ta san tafiya a hankali ba."

Ya nuna mini lambobi huɗu a gefen taya, ya ce biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Na sa tabarau na bi su da kaina, don ban yarda da shi ba. Ta gaba 4107. Ɗaya gefen ma haka. Ta baya ta hagu haka. Ta baya ta dama kuwa 4815, kuma da na lura, ko zanenta ba irin na sauran ba ne.

Na sake karantawa. Na goge tabarau da rigata na kuma karantawa. Kaina ya ɗaure tamau. Yaya za a yi motar da aka rufe a 2008 ta sami tayar 2015?

"Wataƙila kamfanin ne ya yi kuskuren bugawa," na ce.

Vince ya ci gaba da shafa robar.

"Ko ɓera ya ci waccan, ya sauya?"

"Ɓera ba ya cin taya, Noelene."

Na zauna a kan durom ɗin mai. Zuciyata ta shiga kai-komo. Kowace Laraba ina gari wajen wasan ƙwallon tsofaffi. Ke nan yana jira in fita ya bi titi? Shi kaɗai, ko da wata? Na ji haushi, na ji kunya, har na rasa wanda ya fi yawa.

"Kai ka sa masa ita," na ce. "Fuskarka ta nuna. Ina ya je?"

"Ya sa na rantse."

"Shi ma ai ya rantse mini. Ka ga inda rantsuwarku ta kai mu."

Ya daɗe yana murza hularsa.

"Kin tuna Janairun da maciji ya sare ki a bayan tankin ruwa?"

Na tuna saran, na tuna farkawa a asibitin Bathurst. Tsakaninsu babu komai a kaina. Graeme ya ce mini a akori-kurarmu ya kai ni.

"Akori-kurar da ba ta wuce gudun kilomita tamanin a awa? Da ya kira asibiti, an ce motar asibiti tana can wani wuri, sai ta yi awa guda. Sai ya yaye tamfol. Kilomita sittin, ban san irin gudun da ya yi ba, bai taɓa faɗa mini ba. Saura kaɗan ku shiga gari tayar baya ta dama ta fashe, motar ta juya da ku sau biyu a tsakiyar titi. A kan ƙarfen tayar ya ƙarasa. Washegari ya zo shagona. Na ce a sauya duka huɗun, taya ɗaya daban a baya mugun abu ce ga irin wannan mota. Ya ce ɗaya ta isa, gida kawai za ta kai shi."

"Me ya sa bai gaya mini ba?"

"Ya ce kina son labarin mijin da ba ya saɓa alkawari. Bai so ya ƙwace miki shi."

Na rasa abin yi. Mutumin ya yi mini ƙarya shekara tara, ya kusa kashe mu a kan busasshiyar roba, kuma ba don haka ba da ni aka fara ƙonawa. Na nemi inda zan ajiye fushina ban samu ba.

"Ka sauya huɗun," na ce.

"Tsofaffin fa? In tafi da su?"

"Tafi da uku. Ta baya ta dama ka shigar mini da ita cikin gida."