Kakin Sodangi

Wandon ya yi masa tsawo. Gajere ya naɗe ƙafafunsa, ya miƙe, ya sa hannu a aljihun rigar. Ya taɓo wani abu mai tauri. Ɓarin goro ne busasshe, da shatin haƙora a jikinsa.

"Jefar," in ji Manu kuku, bai ko ɗago daga murhu ba. "Na mamaci ne."

Gajere ya mayar da shi aljihu.

A bayan barikin Kankiya suke, inda Baturen hanya ke zama tun da aka fara gyaran titin Kano zuwa Katsina, bayan yaƙin Bama. Masinjan Baturen, Sodangi, ya rasu da damina. Kakinsa kayan gwamnati ne, ba a raba shi gado. Aka rataye shi a ƙusa, ana jiran wanda zai shiga. Ba wanda ya wanke. Warin zufar mutumin yana nan, gwiwar wandon ta riƙe siffar gwiwarsa.

Gajere masaƙi ne a Dudunni, ta wajen Kusada. Da yadin akoko na Turawa ya cika kasuwa aka daina neman saƙi. Gonarsa ta tafi a shekarar fara. Yaran da aka haifa lokacin da ya naɗe masaƙarsa yanzu su ke kora awaki kiwo. Duk tsawon nan daga rumbun ƙanensa yake ci, shi da matarsa Rahamatu. Ƙanen bai taɓa cewa uffan ba. Kullum dai ya ɗauko damin gero ya ajiye a ƙofar ɗaki, ya juya. Gajere ya fi son zagi da wannan. Manu, kawun Rahamatu, shi ya samo masa aikin.

"Buɗe kunnenka," in ji Manu. "Takalmi a matakala. In ya fito kada ka durƙusa, ba shi so. Ka tsaya ƙyam kamar turke."

"In gaida babba a tsaye?"

"A tsaye. Kuma gaisuwa ɗaya. Kada ka kama tambayar shi gajiya da iyali da ruwan bana, ba surukinka ba ne. Goro sai ya fita. Miyau ka haɗiye abinka."

Gajere ya gyaɗa kai.

"Saura babba. In ya yi kira, ka amsa kafin bakinshi ya rufe. Sodangi zai ce. Kai ke nan."

"Sunana Gajere."

"A Dudunni."

"Halan bai san mutumin ya rasu ba?"

"Shi ya sayi likkafanin," in ji Manu, ya juya ga tukunyarsa.

Wurin tsayuwar masinja gindin tsamiya ne, daura da barandar ofishin Baturen. Ƙasar wurin ta lotsa, ƙafa biyu sun daɗe suna taka ta. Gajere ya tsaya gefe. Can ya ga rana ta same shi, inuwar a kan lotsin take. Ya matsa, ya sa ƙafafunsa a ciki.

Hantsi ya wuce, ba a neme shi ba. Rana ta take tsaka. Kaji suka yi shiru, leburori suka watse neman inuwa. Ƙofar ofishin a buɗe take, cikinta duhu, ba a ganin kowa.

"Sodangi!"

Tsikar jikinsa ta tashi. Tun yana yaro mahaifiyarsa, Kubura, ta sa masa wannan a kunne: da tsakar rana, a gindin tsamiya, in ka ji kira ba ka ga fuskar mai kiran ba, ka yi shiru. Wanda ya amsa ya ba da kansa. Ga tsamiya, ga tsakar rana, ga muryar da ba fuska. Kuma wanda ake kira yana ƙarƙashin ƙasa.

Ya waiwaya. Ya yi zaton wani zai wuce shi ya hau matakala. Har sai da ya ɗan kauce ya ba da hanya.

"Sodangi!"

Ya ji kafaɗun rigar sun ja gaba, kamar rigar ta san hanya. Ya dafe kututturen tsamiyar.

Manu ne ya fito da gudu, da cokali a hannu, ya faɗa ofishin. Ya ɗan jima. Da ya fito bai yi faɗa ba, sai ya nuna bakin shinge da cokalin. Maza ne zaune a jere cikin inuwar darni, gwiwa a ƙirji, suna kallon rigar.

"Na ce mashi zazzaɓi kake. Ya ce in ka ƙara, ka tuɓe. Ka gan su can? Kowanensu zai amsa, ko Shaiɗan aka kira shi."

Gajere ya dube su. Jiya a cikinsu yake. Ya tuna damin gero a ƙofar ɗaki.

Bayan azahar ya zaga bayan madafa shan ruwa. Wata tsohuwa na zaune kan dutse, da sanda a gicciye bisa cinyarta. Idonta a kan rigarsa.

"Hawwa'u ce, uwar marigayi," in ji Manu a hankali. "Daga Fakuwa take takowa duk ranar kasuwa. Ta zauna, ta tafi."

Gajere ya durƙusa. A nan dai ba mai hana shi.

"Inna, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Sodangi."

"Wa?"

"Sodangi, Inna. Ɗanki."

Ta miƙo hannu ta ɗaga hammatar rigar. Akwai ɗinki a wurin, da baƙin zare. Ta bi shi da yatsa.

"Ni na ɗinke nan," ta ce. "Amma ban haifi Sodangi ba. Mamuda na haifa. Autana."

Gajere ya dubi Manu. Manu ya dubi murhu.

"Sodangi wani ne can, mutumin Kusada," in ji Manu. "Shi ke cikin rigar kafin ɗanta. Ko shi ɗin ma ban rantse ba."

"Ya zo nan da sunanshi," in ji tsohuwar. "Ragon suna ni na yi kiwon shi. Sannu a hankali kasuwa ta koma Sodangi, abokanshi Sodangi. Har ni in na ce Mamuda sai ya yi jim kafin ya juyo. Ran sadakar uku ina cikin gida ina ji, liman ya ce a yi wa Sodangi addu'a. Maza cike da ƙofar gida, ba wanda ya gyara mashi." Ta sauke hannunta. "Allah ya san nashi, na sani. Amma ni ban yi barci ba tun ranar. Ina tsoron addu'ar ta tafi ga wani."

Gajere ya sa hannu a aljihu. Ya ciro ɓarin goron ya miƙa mata. Ta kai shi kusa da ido, ta ga shatin haƙoran, da gurbin wanda babu a tsakani. Ta ƙulle shi a bakin zane.

"Za ka riƙe aikin?"

"Ina da mata, Inna. Ƙanena ke ciyar da mu."

"To riƙe. Ban zo hana kowa ba. Wane ne kai?"

"Gajere."

"Na wa?"

"Na Kubura. Daga Dudunni."

"Gajere na Kubura, Dudunni," ta ce. "Zan riƙe maka. In ranar ta zo ina raye, ko liman bai so ba sai na leƙo na faɗa."

"In ba ki raye fa?"

"Sai ka nemi wani tun yanzu."

Ya koma gindin tsamiya. Inuwa ta karkata gabas, amma ya sa ƙafafunsa a lotsin. Naɗin wandon ya warware, bai sunkuya ya gyara ba. Mazan bakin shinge ba su tashi ba. Ƙofar ofishin tana nan a buɗe, da duhunta.

"Sodangi!"

"Na'am!"

Muryar ta fita da ƙarfi, ba irin tasa ba. Ya tuɓe takalmi a matakala, ya miƙe ƙyam. Kafin ya shiga ya jiyo tsohuwar ta bi ta bayan shinge, sandarta na buga ƙasa, tana maimaita sunansa a hankali, kada ya zube mata a hanyar Fakuwa.