Gilashin Gishiri

Shekara shida ina wanke gilasai a ɗakin leza, na'urar auna sinadarai da haske, kafin ƙanwata Auta ta shigo shi sanye da farar riga. Ni a aji shida na tsaya, shekarar da ciwo ya kwantar da Mama. Auta kuwa ta wuce har jami'a, ga ta yanzu ɗaliba a hannun Farfesar da nake yi wa aiki.

Ɗakin ba taga, sanyinsa har cikin ƙashi. A tsakiya akwai teburin ƙarfe cike da ƙananan madubai da haske ke bi ta kansu. Injiniya, mai kula da na'urar, ya taɓa yi mini bayani. Ya ce walƙiya biyu ake saki. Ta farko ta bugi sinadarin da ake aunawa, ya rikiɗe ya zama wani abu da ba ya daɗewa. Ta biyu ta biyo sawu, ta ga yadda ƙwayoyinsa ke karkarwa kafin ya ɓace.

"Ki raba sakan ɗaya gida miliyan, ki ɗauki guda ki sake raba shi gida miliyan," in ji shi. "Tsawon ransa ke nan. Hutun da Farfesa ke ba mu ne kawai ya fi shi gajarta."

Abin da za a auna, tsakanin faifan gilashi biyu ake ɗiga shi, kowanne faɗin murfin kwalba. Haɗa su aikina ne, kuma babu wanda ya kai ni. Iri biyu ne, a ido ba ka bambance su. Na cikin aljihun tebur ba sa tsoron ruwa. Na cikin rufaffen tulu kuwa gishiri ne zalla aka goge har ya yi ƙyalli. Ko numfashi dusar da su yake, shi ya sa nake riƙe nawa in zan taɓa su.

Da Auta mai girman kai ce, da na samu abin riƙewa. Amma duk baƙon da ya zo sai ta jawo hannuna ta ce, "Wannan Yayata ce, ita ta goye ni." Su yi mini murmushi, su juya su ci gaba da tambayarta. Farfesa takan zauna da ita awa guda gaban kwamfuta tana cewa, "Ke me kike gani, 'yata?" Ni kuwa a shekara shida "sannu da aiki" na sani. A gida ma Mama Auta take tambaya yadda na'urar take, sai ka ce ni a kasuwa nake wuni.

Wata uku Auta ta yi tana haɗa wani sinadari mai launin ɗorawa. Da ta gama tacewa ta narkar da shi a ruwa, abin da ya rage a gindin kwalba bai wuce ɗigo uku ba. Ranar Talata ce ranarta a kan leza. Daga Laraba za a kwance na'urar don gyara, kafin a mayar kuwa wa'adin karatunta ya ƙare.

Da hantsi na sa safar hannu zan haɗa mata faifan, sai Farfesa ta leƙo.

"Bar mata. Auta, yau da hannunki za ki haɗa. Ya kamata ɗaliba ta san kayan aikinta, ai ba wani abin wuya ba ne."

Ta fita. Na cire safar a hankali, na koma bakin famfo. Ba wani abin wuya ba ne.

"Yaya, yau ki huta," in ji Auta tana dariya. "Ki ga ɗalibarki."

Ta buɗe aljihun tebur, ta dubi faifan ciki, duk suna da 'yan zane-zanen tsufa a jikinsu. Ta rufe. Ta miƙa hannu ta sauko da tulun. Na san abin da ke ranta: abin da aka adana haka, ai shi ne mai kyau da ake ajiye wa babbar rana.

Taku huɗu ne tsakaninmu. Ina ganinta ta ɗaga faifan tana yaba ƙyallinsa. Kalma ɗaya ce, ta zo har bakina. Na ce a raina, ai mai digiri ce, ta sani. Na ƙara buɗe famfo, na ci gaba da ɗauraye kwalbar da na riga na ɗauraye.

Ta ɗiga ɗaya. Ta ga bai bazu ba, ta ƙara na biyu, ta danne da ɗaya faifan. Nan take gilashin ya yi fari kamar madara.

"Kai, kai, kai!" Injiniya ya taso. "Malama, miya za ki yi mana? Na gishiri ne!"

Auta ba ta yi kuka ba. Ta tsaya riƙe da kwalbar, tana kallon ɗigon da ya rage. Fuskar nan na san ta tun tana rarrafe.

Ban san lokacin da na karɓe kwalbar ba. Na zaɓo faifai biyu daga aljihun tebur, na sa zobe mafi siranta a tsakaninsu don ɗigo ɗaya ya isa. Na ɗiga shi dab da gefe, na kwantar da na sama a karkace, ruwan ya bazu ba kumfa ko ɗaya. Injiniya ya karɓa ba wasa a bakinsa.

Bayan azahar layuka suka fito a kan kwamfuta, wani tudu ya tashi ya sake kwantawa. Ga abin nasu, ya rayu ya mutu. Farfesa ta dawo ta rungume Auta. Da ta ji abin da ya faru sai ta ce awo ɗaya zai fitar da ita karatu, amma ba za a buga shi a mujalla ba tunda babu na maimaitawa. Ta dube ni ta ce, "Allah ya yi miki albarka, kin cece mu." Abin da na shekara shida ina jira ke nan, na kasa ɗaga kai.

Da kowa ya fita, Auta ta zo bakin famfo ta tsaya kusa da ni, ta ɗauki tsumma tana taya ni gogewa.

"Yaya, lokacin da na sauko da tulun, bayanki kika ba ni, ko?"

Ƙofa ta buɗe mini. In na ce i, shi ke nan.

"A'a," na ce. "Ina kallonki."

Ta ci gaba da goge kwalbar har ta bushe, ta ajiye ta a layi.

"Wata uku, Yaya."

"Na sani."

Ta cire farar rigar ta rataye. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Ba zan gaya wa Mama ba. Amma yau ki hau motarki daban."